Atisayen Riƙe Fitsari Ga Mata, Musamman Masu Ciwon Jijiya: Bayani Ga Magidanta

 



Darasinmu na yau a kan fitsari ne, kuma na mata. Kai maigida, kada ka ce ba ruwanka ka wuce. Ka karanta, sannan ka miƙa wa uwargida wayar, in ba ta karatun boko ka zauna ka karanta mata. Akwai mata da yawa a gidajenmu da fitsari ke kufce musu ba da sonsu ba. Wata ta daina zuwa Islamiyya, wata ba ta zuwa suna ko biki sai dai ta aika da gudummawa, wata ta hana kanta ruwa wuni guda cikin zafin nan, wata kuma, wannan ya fi tayar mini da hankali, ta ajiye salla tana ganin ba ta da tsarki. Miji bai sani ba. In ma ya sani, ta wari ya gane, sai ya fara ƙaurace wa ɗakinta ba tare da ya tambayi dalili ba. An kashe aure a kan wannan, alhali da yawa daga cikin masu lalurar suna samun sauƙi da abin da ba a sayensa ko da naira ɗaya.

Kunya alheri ce, amma ba a nan ba. Nana A'isha (RA) ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su tambayar addininsu ba. Mu ma za mu faɗi abubuwa da sunansu, a yi mana afuwa.

*Yadda Allah ya tsara riƙe fitsari*

Mafitsara jaka ce ta tsoka a ƙasan mara. Ta babban mutum tana ɗaukar kusan abin da ke cikin ledar fiya wata guda, wato rabin lita ko ƙasa kaɗan. Mai lafiya yakan yi fitsari sau 4 zuwa 8 a yini, da dare kuma sau ɗaya ko ba ko ɗaya. A bakin jakar akwai ƙofa da ke tsukewa. A ƙarƙashinta kuma akwai wasu tsokoki shimfiɗe daga ƙashin gaba zuwa ƙashin wutsiya, suna tallabe da mafitsara da mahaifa da dubura, kamar yadda ragaya ke riƙe ƙwarya. Su ake kira tsokokin ƙasan ƙugu, kuma su ne za mu yi wa atisaye.

Jakar da ƙofar ba sa aiki da ra'ayin kansu. Saƙo ne ke tashi daga mafitsara ya bi ta laka ya isa ƙwaƙwalwa cewa an cika, ƙwaƙwalwa ta amsa da a jira ko a saki. Ke nan wuri biyu abu ke iya lalacewa: ko ragayar ta saki, ko hanyar saƙon ta samu matsala.

In ragayar ce ta saki, alamarta fitsari ya ɗigo lokacin tari, atishawa, dariya, daka, ɗaga bokitin ruwa, ko tasowa daga sujada. Wannan ya fi yawa a wurinmu, saboda haihuwa a kai a kai, da doguwar naƙuda, da ƙiba, da yunƙurin bayan gida mai tauri, da manyanta bayan ɗaukewar al'ada. In kuwa saƙon ne ya rikice, sai mace ta ji fitsari ya matse ta nan take, kafin ta ɗauki buta ta kai bayi ya zubo, ta yi ta zarya dare da rana. Akwai iri na uku, wanda ya fi ɓoyuwa kuma ya fi haɗari: ta tsuguna fitsarin ya ƙi fitowa sai da jira, ya fito a yanke-yanke, ta tashi alhali saura na nan kwance a ciki. Mace ɗaya tana iya haɗa biyu ko duka ukun.

Kafin mu ci gaba, a cire abu ɗaya daga lissafi. Matar da ta yi doguwar naƙuda, ko aka yi mata yankan gishiri, bayan nan fitsari ya riƙa zuba dare da rana ba tsayawa, tana tsaye tana kwance, wannan ita ce mai yoyon fitsari na huda. Rami ne ya buɗe tsakanin mafitsara da gabanta, atisaye ba ya toshe rami. Aikinta na asibiti ne: akwai cibiyar wannan aiki a Asibitin Farida da ke Gusau, akwai Asibitin Maryam Abacha a Sakkwato, akwai Babbar Ruga a Katsina inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Dakta Kees Waaldijk, ya fara ɗinke mata tun shekarun 1980. In an kai ta da wuri, cikin makonnin farko, wani lokaci robar fitsari kaɗai ke sa ƙaramin rami ya haɗe ba tare da tiyata ba. Kada a zauna jiran arba'in.

*Ciwon da ake kira MS*

Cikin cututtukan da ke rikita hanyar saƙo akwai wanda likitoci ke taƙaita sunansa da MS, cikakken sunan maltiful iskilerosis. Ba sikila ba ce, sunan ne kawai ya yi kama, ita sikila ciwon jini ce. Da Hausa sai mu ce ciwon zaizayewar rigar jijiya. Ka duba wayar lantarki: akwai ƙarfe a ciki, akwai roba a waje. Haka jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suke da riga mai lulluɓe su. A wannan ciwo garkuwar jikin mutum ce ke juyowa ta riƙa cin rigar nan wuri-wuri, kamar wayar da ɓera ya gaigaya. Wuta na zuwa, amma tana ɗaukewa, ko ta bi inda ba a aike ta ba.

Wani likitan Faransa mai suna Charcot ne ya fayyace ciwon a birnin Paris a shekarar 1868. Ƙididdigar da aka fitar a 2020 ta ce kusan mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da shi a duniya, mata sun ninka maza, kuma yawanci yana farawa tsakanin shekara 20 da 40, wato daidai shekarun aure da haihuwa. Ya fi yawa a ƙasashen sanyi irin su Kanada da arewacin Turai. A wurinmu ba shi da yawa, amma akwai shi, kuma gano shi sai da hoton MRI da likitan jijiya, abin da sai an je babban asibiti. Mafi yawan masu ciwon, har kusan 8 cikin 10, sukan gamu da matsalar fitsari ko ba jima ko ba daɗe.

Alamunsa: ido ɗaya ya yi hazo da ciwo na kwanaki, ko a riƙa ganin abu biyu-biyu, ƙafa ta yi nauyi ana jan ta, wani sashe na jiki ya sage ko a ji kamar kiyashi na yawo, jiri da tangaɗi, gajiya mai tsanani ba tare da an yi aikin komai ba. Babban halinsa shi ne ya zo ya tafi. Ya kwantar da mace makonni, ya lafa kamar ba a yi ba, bayan watanni ko shekara ya dawo ta wani wajen.

To a nan nake so ka nutsu, domin nan ne mutanenmu ke ɓata. Ciwon da ke zuwa yana tafiya, yau ido gobe ƙafa, ga matashiyar mace, kowa cewa zai yi iska ce ko sammu, wani lokaci har a ɗora wa kishiya ko uwar miji. A kira mai ruƙiya ko a kawo jiƙo, bayan mako uku ciwon ya lafa, dama lokacin lafawarsa ya yi, sai a ce ai ga shi an samu sa'a. In ya dawo a ce aljanin ne ya komo. Shekaru su tafi a haka, an ɓata zumunci, ita kuma jijiyar tana ta lalacewa. Ruƙiya ta shari'a gaskiya ce, a yi ta, addu'a ba ta taɓa faɗuwa ƙasa banza ba. Sai dai Annabin da ya koya mana ruƙiya shi ne ya umarce mu da neman magani, kuma zargin musulmi da sihiri ba tare da hujja ba zunubi ne babba.

Kuma kada wani ya karanta wannan ya yanke wa matarsa hukuncin MS. Abubuwan da ke kashe ƙafa ko su rikita fitsari a yankinmu suna da yawa kuma sun fi shi yawa: ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki daga hawan jini, tarin fuka da ya kama ƙashin baya, rauni a laka. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a 2010 a Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, inda yara sama da 400 suka rasu, mun san ita ma tana taɓa jijiya da ƙoda, kuma mata ne ke cikin gidajen da aka riƙa niƙa dutsen zinariya. Likita ne zai rarrabe. Abin da ya haɗa su duka shi ne, in dai mace tana iya jin tsokokin nan tana iya tsuke su ko da kaɗan ne, atisayen yana da abin da zai ƙara mata.

*Yadda ake atisayen*

Yanzu magana ta koma gare ki, uwargida. Likitan mata ne a Amurka, Arnold Kegel, ya bayyana wannan hanya a 1948, shi ya sa za ki ji ma'aikatan asibiti na kiranta da sunansa. Gwaje-gwajen da aka yi da mata masu MS a Burazil da Birtaniya sun nuna tana rage kufcewar fitsari da yawan zarya, musamman ga waɗanda ciwon bai riga ya kwantar ba. Ba ta warkar da MS ɗin kansa. Ƙofa take ƙarfafawa, kuma tsuke ƙofar yana aika wa mafitsara saƙon ta lafa.

Ki fara yin fitsari tukuna. Ki kwanta rigingine a kan tabarma ko katifa, ki tanƙwashe gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa, ki ɗan ware su. Ki ɗauka kina cikin taron mata, iska ta matse ki kina so ki riƙe ta. Wannan tsukewar da kika yi a dubura, ita ce. Ki ƙara da ta gaba kamar mai tsayar da fitsari, sannan ki ja duka biyun zuwa sama, can ciki. Tsukewa da ɗagawa, ba turawa ƙasa ba. Ki riƙe ki ƙirga ɗaya, biyu, uku a hankali. Ki saki gaba ɗaya, ki huta gwargwadon abin da kika riƙe ko fiye. Wannan sau ɗaya ke nan. Ki maimaita sau 8 zuwa 10. Bayan kin ɗan huta, ki yi na sauri: tsuke, saki, tsuke, saki, har sau 10. Na riƙewa shi ke ba ki juriyar kaiwa bayi, na sauri shi ke tare atishawa.

Ana yi sau 3 a yini, kullum. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta ce aƙalla tsukewa 8, sau 3 a rana, na tsawon wata 3, kafin a ce ya yi ko bai yi ba. Mu da Allah ya raba mana yini da salloli ba mu da matsalar tuni: bayan Asuba, bayan La'asar, bayan Isha'i. Ba ibada ba ce, kada a mayar da shi wani wuridi, lokacin kawai muka ara don kada a manta. Duk mako ki ƙara ƙirga ɗaya a riƙon, daga uku zuwa huɗu zuwa biyar, har ki kai goma. In kin gwanance a kwance ki koma yi a zaune, daga baya a tsaye, domin a tsaye fitsarin ke kufcewa. In kin kai nan, kina tankaɗe ko tsintar shinkafa ma kina iya yi, ba wanda zai sani.

Inda ake kuskure shi ne a nan. Wata sai ta danne numfashi ta yunƙura kamar mai naƙuda. Wannan ƙara sassauta ragayar yake yi. Ki riƙa ƙirgawa a fili da bakinki, mai magana ba ta iya riƙe numfashi. Wata kuma mazaunai da cinyoyi take matsewa, ko ta ƙanƙame ciki. Ki ɗora hannu ɗaya a ciki ɗaya a cinya, in sun yi tauri to ba wurin kike ba. In kina shakka, ki wanke hannu da sabulu ki sa yatsa ɗaya a gabanki ki tsuke: in kin ji an kama yatsan an ja shi ciki, kin dace. Akwai masu cewa a riƙa yanke fitsari ana tsakiyar yi. Sau ɗaya don ki gane tsokar ba laifi, amma kada ya zama al'ada, domin yana koya wa mafitsara barin saura, mai ciwon jijiya kuwa dama abin da ake ji mata tsoro ke nan.

Sakin ma rabin aikin ne. Mai MS wani lokaci tsokokinta a ɗaure suke ba a sake ba, in ta yi ta tsukewa ba hutu sai fitsarin ya ƙara wuyar fita. Saboda haka ke hutunki ya ninka riƙonki. In kin ji tsokar ta gaji a na biyar, ki tsaya a biyar. Biyar masu kyau sun fi goma na dole. In atisayen na kawo ciwo a mara, ko fitsari ya ƙara ƙin fita, ki dakata sai ma'aikatan sashen gashi da motsa gaɓoɓi sun duba ki. Ranar da ciwon ya taso ko kina zazzaɓi, ki huta.

Ga wata dabara da ke aiki tun kafin tsoka ta yi ƙarfi: ki riga abin. Kin ji atishawa na zuwa, za ki ɗaga tulu ko yaro, za ki tashi daga zaune ko daga sujada, ki tsuke tukuna, ki riƙe har ki gama.

Ita kuma mai matsuwar gaggawa, gudu ne ke kayar da ita. Da zarar kin ji ya matso, kada ki zabura. Ki tsaya cak, in da hali ki zauna a kan abu mai tauri, ki yi tsukewar sauri sau biyar ko shida, ki ja numfashi a hankali. Matsuwar tana tasowa ne ta kai ƙololuwa sannan ta sauka. In ta sauka sai ki tafi bayi da tafiyar nutsuwa. Daga nan sai horar da mafitsara: ki yi kwana 3 kina lura sau nawa kike fitsari. In ba kya rubutu, ki ajiye gwangwani, duk zuwa ki jefa ƙwayar wake ɗaya, da safe a ƙirga. In kin ga duk awa ɗaya kike zuwa, ki riƙa ƙara minti 10 ko 15 a kai, ki zauna a haka mako guda, sannan ki sake ƙarawa, har tsakanin ya kai awa biyu zuwa uku. Wannan yana cin aƙalla mako 6. Amma fa da sharaɗi: mai ciwon jijiya ba ta fara jinkirta fitsari sai an yi mata sikanin bayan ta yi fitsari an ga abin da ya rage. In saura ya wuce mililita 100, kamar cikin ƙaramin kofin shayi, jinkiri cutar da ita zai yi, domin fitsarin da ya kwanta yana tara ƙwayoyin cuta, yana iya komawa sama ya taɓa ƙoda. Irin wannan likita kan koya mata sa siririyar roba ta juye ta cire, sau 'yan kaɗan a yini. Babu abin ƙyama a ciki, kuma ba ta hana aure ba ta hana salla. Abin da za ta iya yi a gida shi ne, in ta gama fitsari kada ta tashi nan da nan, ta jira kamar rabin minti, ta ɗan sunkuya gaba ta sake gwadawa ba tare da yunƙuri ba.

Zafi abokin gabar mai MS ne. Jiki na ɗumama alamun sai su tsananta na ɗan lokaci, in ta huce su koma. Don haka a watannin bazara ta yi motsa jikinta da sanyin safiya: zagaya tsakar gida, tashi da zama daga kujera sau biyar zuwa goma tana dafe da bango. Ƙarfin ƙafa na cikin maganin, tunda da ƙafa ake kaiwa bayi. A rage mata tsayuwa a bakin murhu da tsakar rana, in ta haihu kuma a sassauta mata ruwan wankan jego.

*Ci da sha, da maganar ganye*

Kada ta hana kanta ruwa. Fitsarin da ya yi kauri ya yi ja yana ƙona mafitsara ya ƙara matsuwa. Leda 3 zuwa 4 a yini, fiye da haka in ana zafi, a sha kaɗan-kaɗan, a rage kamar awa biyu kafin barci. Abin ragewa shi ne shayi mai kauri, kofi, goro da baƙin lemon kwalba. Zoɓo abu ne mai kyau amma yana sa fitsari, ba na dare ba ne gare ta. A yaƙi taurin bayan gida, domin hanjin da ya cika yana danne mafitsara: miyar kuka, kuɓewa, zogale, rama, gwanda, dabino. Sanamaki yana sassauta ciki, sai dai ba na kullum ba ne, kuma ban da mai ciki.

Sana'ata ganye ce, kuma zan faɗa maka gaskiya. Zuma da habbatus sauda da man zaitun abubuwa ne masu albarka, a ci a sha daidai gwargwado, in ba ta da suga a batun zuma. Amma babu jiƙo ko sassaƙe da zai ɗaure tsokar da ba a motsa ta ba, kamar yadda ba wanda ya zama ɗan kokawa da shan tsimi kawai. Duk wanda ya ce maka yana da gorar da za ta tsayar da fitsari cikin kwana uku, kuɗinka yake so. Sannan ina gargaɗi a kan matsi. Alimun, kanwa, gishiri da haɗe-haɗen da ake turawa a gaba da sunan tsukewa, fata suke busarwa su ƙona, tsokar na nan yadda take. Haka nan kiran komai da sunan sanyi a tafi kemis a kwaso kafso. A yi gwajin fitsari tukuna. Akwai ƙwayoyin da ke kwantar da mafitsara mai zumuɗi, amma in an ba mai barin saura suna iya toshe ta gaba ɗaya, shi ya sa sai da hannun likita.

*Salla da tsarki*

Wannan babin kada ya wuce ka. Fatima bint Abi Hubaish (RA) ta kai wa Annabi (SAW) kukan jinin da ba ya ɗauke mata, tana tambaya ko ta bar salla, ya hana ta bari. A kan irin wannan malamai suka gina hukuncin mai salas, wato wanda fitsari ke fita masa ba da zaɓinsa ba.

A mazhabarmu ta Malikiyya, in ɗigon yana tare da ita rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala. Mustahabbi ne kawai ta sabunta ga kowace salla, kamar yadda yake a Risala, in kuwa ba ya yankewa ko kaɗan ma an ɗauke mata wannan. In ƙasa da rabin lokaci ne, kamar mai ɗigo sai ta yi tari sau ɗaya ko biyu a yini, to a mashhurin zance yana warware alwala, ta sake ta yi sallarta. In ta san lokacin da yake ɗauke mata, ta kai sallarta can muddin lokaci bai fita ba. Batun tufafi kuma ya fi sauƙi: abin da ke zuwa kowace rana ko da sau ɗaya ne, an yi rangwame a kan wanda ya taɓa jiki da zane. Duk da haka ta yi ƙunzugu mai tsabta ko audugar mata, ta ware zanen salla in da hali, ta riƙa wankewa tana busar da wurin saboda fata. Fitsarin da ta je ta yi da niyya, shi kam yana warware alwala kamar na kowa.

Mata da yawa hadisin kaburbura biyun nan ke firgita su, wanda aka yi wa ɗayansu azaba saboda fitsari. Wancan mai sakaci ne da yake da iko ya ƙi kiyayewa. Mara lafiya ba ta cikin wannan. Sai dai masu sharhin Muhtasar sun ce wanda yake da ikon magance salas ɗinsa ya nemi magani, ana yi masa uzuri tsawon lokacin jinyar. Ka ga ke nan atisayen nan da tafiya asibiti suna cikin gyaran sallarta.

*Naka aikin, maigida*

Ka buɗe maganar da kanka, a keɓe, ba gaban kishiya ko yara ba. Ka gyara hanyar bayi, a share duwatsu, a sa fitila. In bayin tsuguno ne kuma ƙafarta ba ƙarfi, a kafa mata abin dafawa ko a huda kujera. Da dare a ajiye mata fo mai murfi a ɗaki, ga yanayin tsaron da muke ciki ma fitar dare ba ta da daɗi. Sabulu da auduga suna cikin ciyarwar da ke kanka. Kada ka tsammaci canji a mako guda; yawanci sai an yi mako 6 zuwa wata 3 ake gani, in an samu kuma ba a bari, sai dai a rage zuwa sau ɗaya a yini.

Akwai alamun da ba a jira da su ko kwana ɗaya: fitsari ya tsaya cak mara ta kumbura, zazzaɓi da rawar ɗari tare da ciwon kwiɓi, ƙafafu su mutu farat ɗaya, ko tsakanin cinyoyi da mazaunai ya sage ba ta jin taɓawa, ido ya dushe cikin kwana ɗaya ko biyu. Jini a fitsari ma a gwada shi, masu zama bakin gulbi da fadamun Gummi sun san tsargiya, tana da ƙwayarta a asibiti. A fara da babban asibitin Anka ko na Gummi ko na Bukkuyum a yi gwajin fitsari da na suga da awon jini. In akwai alamun jijiya, ka nemi takardar turawa zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ku tafi da lissafin kwana ukun nan da duk kwalayen magungunan da take sha, har da na gargajiya, ku bi hanya da rana, in tana jin nauyin namiji ku roƙi a haɗa ta da ma'aikaciya mace.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa sauran 'yan'uwa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.